Kwanon Katsina, Kwalbar Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. Da na zauna a majalisarmu ta Ƙofar Kaura bayan la'asar sai wani ya ce, "Sagir, wai mi ya same ka can? Ka tahi da ƙibarka, ka dawo kamar wanda ya yi jinya." Wasu sun ce asiri aka yi mini, wasu sun ce mata na gano aka hana ni. Na gaji da cewa lafiya lau, don ba gaskiya ba ce. To ga labarin nan na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina.

Ga wanda bai san ni ba, shago gare ni a bayan Babbar Kasuwa. Ina haɗa ƙananan injuna, na famfon sola da na ƙyanƙyasar ƙwai, kuma ni nake rubuta umarnin da ke tafiyar da su. Abin da ya fitar da sunana shi ne kwalbar jarirai, akwatin nan mai ɗumi da ake sa bakwaini a ciki har ya yi ƙwari. Na haɗa wa wani ƙaramin asibitin haihuwa a nan cikin gari, ta daɗe tana aiki, ba a taɓa kirana da ƙorafi ba. Wannan ya sa kaina ya ɗan kumbura.

Umarnin, da yaren kwamfuta da ake kira C nake rubuta shi. Amma 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin injin, wadda masu gyaran waya ke ce wa aisi, ba ta jin C. Sai an bi ta wata manhaja da kamfanin da ya ƙera aisin ke bayarwa, ita ke juya rubutun ya koma abin da aisin zai gane. Mu a shago tafinta muke ce mata. Tun ina makaranta tafintan kamfani ɗaya nake aiki da shi. In an tambaye ni sai in bugi ƙirji in ce na iya C. Ban taɓa tsayawa na raba abin da yake na yaren da abin da yake na kamfanin ba, don tare na tarar da su.

Akwai wani abokina Lawali, mutumin Maraɗi, injiniya ne shi ma, yakan shigo Katsina sayen kayan aiki. Ya ga kwalbata ta burge shi, ya koma gida ya ƙera irinta don wani asibitin haihuwa na unguwarsu. Sai dai bai samu irin aisin da nake sawa ba, ya sayi na wani kamfanin, ɗan ƙarami. Ya kira ni a waya.

"Akwati ya haɗu, saura rubutunka. Amma hwa aisin ba irin naka ba ne."

Na ce, "Tafintansu na jin C?"

"Shina ji."

"To shi ke nan. C ko'ina C ne. Ina nan tahe."

Matata Bilki ba ta so tafiyar ba. Ba Maraɗin ce ta dame ta ba, hanyar Jibiya ce, saboda 'yan bindiga. Ta sa na yi alkawarin ba zan bari la'asar ta same ni a kan wannan titi ba, ko a tafiya ko a dawowa. Na yi alkawari ina dariya, amma ni ma ina tsoron hanyar. Duk wanda ya san ni ya san ba jarumi ba ne ni.

Da hantsi muka tashi, an cusa mu cikin wata tsohuwar mota kamar buhunan gero. Daga fita gari ana ta hira, ana musun ƙwallo. Da muka yi nisa, gonaki suka fara yawa mutane suka fara ƙaranci, sai hirar ta mutu ita kaɗai. Kowa idonsa na kan daji. Shingen jami'an tsaro kuwa, da a ce da ne da na yi ta tsaki saboda yawansu, amma ran nan duk wanda muka hango sai in ji sanyi a raina. Muna cikin wani wuri da babu gida ko ɗaya sai muka ji ƙara, tau! Ban san lokacin da na dunƙule a ƙasan kujera ba, na rungume jakata, na dasa kaina a kan ƙafar wata tsohuwa. Ashe taya ce ta fashe. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, in ka gama ka ba ni ƙahwata." Aka yi dariya, amma gajeriya, don sai da aka sauka aka canza tayar a wurin. Ban taɓa ganin fasinjoji sun taya direba aiki da sauri irin na ran nan ba.

Ɓangarenmu na iyaka mun wuce ba wata matsala. A Ɗan Isa, inda jami'an Nijar suke, aka tattara katunanmu na shaida, aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani jandarma dogo, mai siririn gashin baki, ya zuge jakata. Ya ga allunan lantarki, da wayoyi ja da baƙi, da ƙananan batura, da wani ɗan agogo mai lambobi. Sai a lokacin na dubi kayan nan da idon wanda bai san aikina ba, na ga sun yi kama da kayan haɗa bam. Ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa da Faransanci, aka ce in ɗaga hannu. Fasinjojin da muka sha wahalar taya tare duk suka dare, kamar ba su taɓa ganina ba.

"Mi ne ne wanga?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan jarirai ne."

Amsar da ta fi kowace muni ke nan, amma ita ta zo bakina. Aka shiga da ni wani ɗaki. Na daɗe ina bayani har Allah ya sa na tuna da hotunan kwalbar a wayata. Ya yi ta dubawa, ya tsaya a kan wani hoto da bakwaini ke kwance a ciki. Ya ce ɗiyar ƙanwarsa ma haka aka haife ta, ba ta yi kwana biyu ba, don babu akwati a garinsu. Ya mayar mini da kayan da hannunsa, ya ce in tafi.

Lawali ya tare ni a tasha, ya kai ni gidansu, aka ba ni ɗakin da ke kusa da zaure. Mahaifinsa, Alhaji, dattijo ne mai barkwanci. Da muka gama gaisawa, wadda ta ɗauki lokaci don sai da ya tambayi har lafiyar hanya da ta maƙwabta, sai ya ce, "To Bakatsine, barka da zuwa Katsina ta gaske. Ku can gadin gida munka bar muku." Na ce ai mun riƙe amana. Ya ce shi ma ya ji labari, har ganuwar mun cinye.

Hausarsu ba ta ba ni wahala ba, kusan tamu ce, sai dai inda mu muka ɗebo Turanci su Faransanci suka ɗebo. Malamin makaranta mushe ne, ɗan acaɓa kuma kabu-kabu. Da safe aka kawo mini wani dogon burodi mai tauri kamar sanda, na gatsa ya yanke mini dasashi, yara na leƙe suna dariya. Amma dambunsu da zogale, da zabin da ake gasawa a bakin titi, ban ga na biyunsu ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hutun rana. Da azahar ta yi sai gari ya mutu. A rufe ofis, a rufe shago, kowa ya tafi gida ya kwanta. Lawali har wayarsa yake kashe wa ƙara. Na ce masa mu a Katsina in ka rufe shago da rana tsaka, kafin la'asar an zo yi maka jaje.

Washegari muka shiga aiki a shagonsa. Tafintan kamfanin nan a kwamfutarsa yake, don haka ita na zauna a gaba. Na sa yatsa inda na saba samun harafin A, sai ga Q. Duk haruffan an yi musu canjin ɗaki. Na koma buga rubutu da yatsa ɗaya kamar ɗan koyo. Manhajar kuma duk da Faransanci take, maɓallin da na sani a dama yana hagu, wani ma babu shi sam. Na daure na zuba rubutuna, na danna a juya shi. Allon ya cika da jan rubutu, daga sama har ƙasa.

Na ce, "Lawali, tafintanku bai jin C."

Ya leƙo ya karanta. "Cewa ya yi bai san wagga kalma ba. Da wagga. Da wagga ma."

"Ƙarya yake. Kullum da su nake aiki."

Kalmar da nake kunna hita da ita, da wadda nake karanta ma'aunin zafi, da wadda nake sa injin ya ɗan jira, duk ya ce bai san su ba. Raina ya ɓaci. Na sa Lawali ya nemo mini littafin ƙa'idar yaren kansa, ba na kamfani ba, don in kunyata manhajar. Na duba daga farko har ƙarshe, ko ɗaya daga cikin kalmomin nan babu. Ashe duk kamfanina ne ya ƙirƙiro su ya haɗa da tafintansa don sauƙin masu sayen aisinsa. Yaren bai san hita ba, bai san ma'auni ba. Abin da ya tanada shi ne yadda ake jera magana, da lissafi, da sharaɗi, da maimaitawa. Sauran duk kayan kamfani ne. Na ji kunya kamar wanda ya je biki da rigar aro yana cewa tasa ce.

Na shafe kwanaki ina cire kalmomin kamfanina ina sa na wannan. Jan rubutu ya yi ta raguwa har ya ƙare. Ranar da tafintan ya karɓi rubutun ba gardama, na yi tsalle har na ture kofin shayi. A raina na ce an gama. Na ɗauka duk inda tafintoci biyu suka saɓa, sabon zai yi magana ya nuna mini.

Muka kai kwalbar asibitin. Ƙaramin wuri ne, wata unguwarzoma da ake ce wa Madam Rabi ke riƙe da shi, mace mai jiki, marar yawan magana. Shirinmu shi ne a kunna akwatin a bar shi wayam na kwana biyu a ga halinsa, musamman da yake akwai wani ɗan ƙarfe mai yanke wuta in zafi ya yi yawa, wanda Lawali ya yi oda bai iso ba. Ranar da zan dawo gida, muna fitowa sallar asuba muka je muka kunna. Na zauna a gabansa har hantsi ya dubi ludayi. Hita na kamawa tana saki, lambar zafin da ke fuskar akwatin na ɗan hawa tana ɗan sauka, daidai yadda ya kamata.

Ina sallama ke nan Madam Rabi ta fito daga ɗakin haihuwa riƙe da wani abu a cikin zane. Ta buɗe mini. Jaririya ce, bakwainiya, hannunta bai fi babban yatsana kauri ba, ƙirjinta na ɗagawa da sauri-sauri. Uwar, wata yarinyar mace mai suna Zali, ta zubar da jini, ba ta iya ko zama. Tsohuwar kwalbar asibitin kuma tagwaye ne a ciki.

Madam Rabi ta ce, "Jikinta na sanyi. Malam Sagir, akwatinka zai yi?"

Lawali ya dube ni. Na dubi lambar nan tana wasa a inda ya dace. Na ce, "Zai yi. Irinshi na can Katsina na aiki ba dare ba rana. Rubutu ɗaya ne, yare ɗaya."

Aka sa ta. Na ɗauki jakata na nufi tasha ina jin kaina kamar wani babban likita.

Motar ba ta cika ba sai bayan azahar, ni kuma hankalina duk yana kan alkawarin Bilki. Ina gaba kusa da direba. Mun kusa Ɗan Isa sai wani fasinja ya leƙo ya ga mitar da ke ƙirga nisan tafiyar motar, ya ce, "Direba, ashe motarka sabuwa ce, ko tahiyar kirki ba ta yi ba." Direban ya yi dariya ya ce, "Ina hwa! Cika ta yi bara ta koma sihiri, ta sake ƙirga daga hwarko. Gidajen lambar ne sunka ƙare."

Kowa ya yi dariya ban da ni, don maganar ta tuna mini da injina.

A cikin rubutuna akwai wata ƙidaya da ke lissafa daƙiƙoƙi tun daga lokacin da aka kunna injin. Da ita yake sanin lokacin da zai duba zafi, ya kunna hita ko ya kashe, ya sabunta lambar da ke fuska, ya buga ƙararrawa in akwai matsala. Komai a kanta yake rataye. Ita ƙidayar a cikin wani mazubi nake ajiye ta, wanda yaren ya ba suna. To a littafin ƙa'idar nan da na duba don neman faɗa, idona ya gifta ta kan wani layi ban tsaya ba. Yaren bai yanke girman mazubin ba. Cewa kawai ya yi kada ya gaza ɗaukar dubu talatin da biyu da 'yan kai, daga nan kowane kamfani ya yi nasa. Kamar kwanon awo ne, sunan ɗaya, amma na wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Tafintan kamfanina ƙaton mazubi yake bayarwa, wanda sai a shekara sittin bai cika ba. Aisin Lawali kuwa ɗan ƙarami ne, kuma masu ƙananan aisi ƙaramin mazubi suka saba bayarwa. Tafintan ba zai yi jan rubutu a kan wannan ba, don a wurinsa babu laifin da aka yi.

Na yi lissafin da yatsuna. Dubu talatin da biyu na daƙiƙa, awa tara ne da ɗoriya. In ya cika, ƙidayar za ta faɗo baya, injin ya tsaya yana jiran lambar da ba za ta zo ba. Hita za ta tsaya a yadda take, ko a kashe ko a kunne. Ƙararrawa ba za ta buga ba. Lambar da ke fuska kuma za ta daskare a kan zafi mai kyau, duk wanda ya leƙa ya ga lafiya lau. Bayan asuba muka kunna. Na dubi agogo, saura kaɗan.

Layina na gida ba ya aiki a can. Na roƙi wayar mai maganar mita, na kira Lawali. Tana shiga, ba a ɗauka. Na sake, na sake. Lokacin hutun rana ne, yana can yana barci, wayar na haske a gefensa ba ƙara. Lambar Madam Rabi kuwa ban karɓa ba, don ban ga dalili ba.

Muna tsayawa a shingen Ɗan Isa aka karɓi katunanmu. Na fita da gudu na bi mai katunan, abin da ba a yi a wurin. Aka daka mini tsawa, wani ya gyara riƙon bindigarsa. Ban tsaya ba, don wani tsoron ya danne wannan. Allah ya taimake ni dogon jandarman nan yana bakin aiki. Ya gane ni.

"Mai kayan jarirai. Lahiya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai ɗiya cikin akwatin, kuma na yi kuskure. In ban koma yanzu ba, zai dafa ta ko ya bar ta ta daskare."

Bai tambaye ni komai ba. Ya zaro katina ya miƙo mini, ya ƙwala wa wani ɗan kabu-kabu kira, ya ce masa, "Maraɗi. Kar ka tsaya ma kowa, ka ce ni na aiko ka." Jakar kayana na bar ta a but ɗin mota, kwamfutata kawai na rungumo.

Wannan tafiya ba zan iya ba da labarinta da kyau ba. Na san mai babur ɗin ya yi gudu, na san hulata ta tashi ban waiwaya ba. Abin da na fi tunawa shi ne addu'ar da nake yi, wadda ban taɓa jin wani ya yi irinta ba. Cewa nake, ya Allah ka sa a kashe ta tsaya. In a kashe take, akwatin zai huce a hankali, akwai sauran lokaci. In a kunne take, babu ɗan ƙarfen da zai yanke wuta. Ina ta ganin ɗan hannun nan a idona. Muna tsakiyar hanya na dubi agogo na ga lokacin ya cika. Na kifa kaina a bayan mai babur, na ce masa don Allah ya ƙara wuta. Ya ce, "Malam, iyakarta ke nan."

Asibitin shiru, mai gadi na gyangyaɗi a inuwa. Na wuce shi da gudu har ɗakin jarirai. Wata ma'aikaciya na zaune tana ninke zannuwa, ta ɗago ta yi mini murmushi ta nuna akwatin. "Ka gani, tun ɗazu lambar ba ta ko motsa ba. Injinka na da kyau."

Na buɗe ƙofar akwatin na sa hannu. Iskar da ta bugi fatata kamar ta bakin tanda. Jaririyar ta yi jawur, bakinta a buɗe, ba ta kuka, ba ta motsi. Na fizge wayar wuta daga bango, hita ba ta mutu ba, don akwai batir. Na durƙusa na tsinke wayar batirin da hannu, ina ihu a kira Madam.

Madam Rabi ta shigo ba ko ɗankwali. Ba ta dube ni ba. Ta ɗauke yarinyar, ta kware zanen, ta sa ma'auni a hammatarta, ta ce a kawo ruwa mai ɗan ɗumi da auduga. Ta yi ta shafa mata, tana murza ɗan tafin ƙafarta, tana kiran sunan Allah a hankali. Ni ina jingine da bango. Ban san tsawon lokacin ba. Can sai muka ji wani ɗan sauti kamar na kyanwa sabuwar haihuwa, ya tsaya, ya sake fitowa da ƙarfi. Na sulale na zauna a ƙasa.

Aka kai ta wurin uwarta, aka kwantar da ita a ƙirjinta fata da fata, aka lulluɓe su. Sai a lokacin Madam Rabi ta juyo gare ni. Lawali ya iso, an je an taso shi, idanunsa jawur da barci da firgita.

Ta ce, "Ka ce mini rubutu ɗaya ne."

Na ce, "Rubutu ɗaya ne, Madam. Yaren ma ɗaya ne. Wanda ya juya shi ne daban, ni kuma na ɗauka halin wancan shi ne dokar yaren."

"Ban gane wannan ba, kuma ba ni buƙata. Za ka iya gyarawa?"

"Kalma ɗaya ce."

"Kalma ɗaya," ta ce, ta fita.

Kalma ɗayar ce kuwa. Yaren yana da wani mazubin da shi ya yanke girmansa da kansa, ko wane kamfani ne ba ya isa ya rage. Yana nan tun da can, ban taɓa damuwa da shi ba. Na sa shi. Daga nan na bi rubutun layi-layi, duk inda na ga abu sai in tambayi kaina, wannan yaren ne ya yi alkawarinsa, ko kuwa sabo ne na yi da kamfanina? Na samu wasu wurare biyu masu irin wannan rami. Lawali ya bazama gari bai dawo ba sai da ɗan ƙarfen yanke wuta, ya ciro daga wani tsohon inji. Na ari wayarsa na gaya wa Bilki ba zan dawo yanzu ba. Ta ji muryata, ba ta yi gardama ba.

Muka kunna akwatin wayam, ya yi kwanaki yana aiki, ni da Lawali muna karɓa-karɓa a gabansa. Abinci ba ya shiga. Alhaji ya daina tsokanata, sai dai ya aiko da fura. Zali kuwa ba wanda ya gaya mata abin da ya faru. Duk sanda na gifta ta ƙofar ɗakinsu sai ta ce, "Sannu Malam, Allah shi saka da alheri." Na fi son a zage ni da wannan gaisuwa.

Jikin Zali bai yi ƙarfin da za ta riƙe ɗiyar a ƙirji dare da rana ba, tagwayen kuma ba su fita daga tsohuwar kwalba ba. Wata safiya bayan asuba, Madam Rabi ta sa aka kashe akwatin aka goge shi, aka sake kunnawa. Ta zo da jaririyar a hannu ta tsaya a gabana, Lawali na gefe, Zali na zaune a kujera an rufa mata bargo.

"A sa ta?"

Wancan karon da sauri na amsa. Wannan karon sai da na dubi akwatin, na dubi ɗan ƙarfen, na bi rubutun a kaina tun daga farko. Na ce, "A sa ta. Amma ba inda za ni."

Na jawo benci na zauna. Hantsi ya yi, rana ta take, gari ya mutu da hutunsa, ni ina nan. In na tashi salla Lawali ya zauna. Kowane ɗan lokaci sai in sa hannu ta ƙofar akwatin in ji iskar da fatata, don na daina yarda da lamba. Da awa tara ta gabato, Madam Rabi ta shigo ta tsaya a bayana. Lambar ta tsaya a wuri ɗaya. Na san haka take yi wani lokaci in zafi ya daidaita, amma na kasa ɗauke ido daga kanta. Lokacin ya cika, ya gota. Lambar na nan ba ta motsa ba. Na miƙa hannu zan buɗe, Madam ta riƙe mini kafaɗa.

Sai hita ta yi ɗan ƙaranta na saki. Lambar ta sauka da ɗigo ɗaya, ta jima, ta koma. A ciki jaririyar ta miƙe ƙafa ɗaya, ta yi hamma.

Zali ta leƙo fuskata ta ce, "Madam, ku ba baƙon nan ruwa. Kuka yake."